Kwana Biyar a Birnin Gwanjo, da Kuɗin Adashe a Lalita

Tun da aka ji cewa na taɓa zuwa ƙasar Sin saro kaya, ba a yin wata guda wata ba ta zo ta same ni a Danwarai, ko ta aiko mini daga Jega ko Maiyama, tana tambayar hanya ba. Wata tana so ta sayar da tumakinta, wata gonar gadonta. Ta kwanan nan ma 'yan kunnenta na zinariya ta kawo mini in kimanta. To, na ga gara in faɗa muku yadda tafiyar ta kasance gaba ɗaya, da daɗinta da asararta, kowace ta yi lissafinta.

Sunan birnin ana rubuta shi Guangzhou, amma a baki Gwanjo ake cewa. Da na je sallama da surukata, sai ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, gwanjon da ke kasuwar Jega bai ishe ki ba, sai kin hau jirgi?" Aka yi ta dariya. Birni ne a kudancin ƙasar, a bakin wani babban kogi, kuma ƙidayar 2020 ta sami mutum fiye da miliyan 18 a cikinsa.

A watan Nuwamba na 2019 na tafi. Sana'ata ɗinki da sayar da kayan lefe, watau mayafai da takalma da jakunkuna. Ina da N900,000, rabi daga albasar da aka noma mini, rabi tarin shekara shida. Mata tara na unguwarmu kuma suka haɗa kuɗin adashensu N450,000 suka damƙa mini in saro musu. Ku riƙe wannan, domin kuɗin nan na mutane shi ya hana ni barci har na dawo. Maigida bai yarda ba sai da ya tabbata zan bi wata Hajiya ta Kano, dattijuwa, wadda ta fi shekara goma tana wannan hanya, tare da waɗansu mata uku.

Kafin in taka ƙasar Sin kuɗi suka fara zubewa. Fasfo, biza, zuwa Abuja, tikiti, motar da ta bi da ni ta Tambuwal da Sakkwato da Gusau har Kano, da abin da na ware na masauki da abinci, duka suka tashi N550,000. Ragowar muka kai wa 'yan canji a Wapa suka mayar mana dala, na ɗura a lalita na ɗaure a ƙugu. Daga Kano jirgin ƙasar Habasha ya kai mu Adis Ababa, daga nan wani ya ɗauke mu, awa goma da wani abu muna sama. Agogonsu yana gaba da namu da awa bakwai. Lokacin da ku kuke sallar asuba, su har sun ci abincin rana.

Unguwar da muka sauka sunanta Shiyawbe. Kai, 'yan'uwa, gani ya kori ji. Na ɗauka zan shiga inda babu mai kama da ni, sai ga mutanen Mali da Gini da Nijar suna kai da kawowa da manyan riguna, ga Larabawa, ga Sinawa Musulmi da fararen huluna. A bakin wani dogon bene mai suna Tiyanshu, wanda ƙasansa duk kantuna ne, na ji wani yana waya da Hausar Maraɗi. 'Yan'uwanmu na Kudu kuwa sun fi yawa a wata unguwa, Sanyuwanli. Ɗaki guda muka kama mu biyu, yuwan 120 kwana ɗaya, muka raba. A lokacin yuwan ɗaya wajen N52 ne. Hajiya ce ta zaɓi watan, domin a Afrilu da Oktoba ake babban baje kolin birnin, wanda aka fara tun 1957, kuma in ana yinsa kuɗin masauki yakan hau ƙwarai.

Da na tashi yin salla na tambayi ina ne gabas, sai Hajiya ta yi dariya ta ce, "Ƙanwata, a nan mun wuce Makka. Yamma za ki duba." Na yi shekara arba'in ina cewa gabas in ina nufin alƙibla, ban taɓa tunanin akwai masu ba gabas baya su yi salla ba.

Zancen abinci ba wuya in kin san alama. A lokacin, duk inda kika ga koren allo da rubutun Larabci, na Musulmi ne. Taliya suke ja da hannu a gabanki, su zuba romon naman shanu, kwano ɗaya yuwan 12 a 2019. Ita na yi ta ci safe da dare. Da tsinke biyu suke ci, ni kuwa na roƙi cokali ban ji kunya ba. Akwai masu tuƙa tuwo a saman benaye, amma malmala biyu da miya kuɗin taliya uku ne, saboda haka sau ɗaya na ci. Garin da na ƙullo na kunu da ƙuli-ƙuli sun yi mini rana, tun da ruwan zafi kyauta ne ko'ina. Shi suke sha ko ana zafi. Wayata kuwa ta zama kurma. WhatsApp da Facebook ba sa aiki a can, nasu WeChat ne. Kwana biyu gida ba su ji ɗuriyata ba, har maigida ya fara sa a yi addu'a.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa shi ne motar talaka. Yuwan 2 ne mafi ƙanƙantar kuɗinsa, inji ya ba ki wani ɗan abu na roba kamar kwabo, ki ɗora a ƙofa ta buɗe. Ba kwandasta, ba cacar baki a kan canji.

To, ga inda maganar take, watau kasuwa. Ranar farko na shiga wani kanti na ga mayafi irin wanda nake sarowa a Kantin Kwari N1,500. Mai kantin, wata yarinya da ɗanta yana barci a kan dila, ba ta jin Hausa, ni ba na jin nata, sai ta miƙo mini kalkuleta. Na nuna mayafin, ta buga 9. Na lissafa, bai kai N500 ba! Gabana ya faɗi don murna, na ce lalle arziki ya zo. Na nuna mata yatsu cewa ina son ashirin. Sai ta girgiza kai, ta share, ta buga 600, ta nuna 9 ɗin. Sa'an nan ta buga 20, ta buga 17 a gefensa. Watau farashin farko na mai ɗaukar ɗari shida ne, launi ɗaya, zane ɗaya. Mai son ashirin kuwa kusan ninki biyu za ta biya. Ku gaya mini, wace mace ce a Danwarai za ta sayar da mayafi ɗari shida iri ɗaya? Ai ranar suna sai a ɗauka anko aka yi gari guda.

Haka na tarar ko'ina, a takalma, a jaka, a yadi. Arahar da ake ba mu labari gaskiya ce, amma ta mai babban jari ce. Har wa yau akwai wani abin da ba a faɗa mana. Yawancin kantunan nan samfuri kurum suke ajiyewa. Kayan suna masana'anta a garuruwan kewaye, sai kin ba da kafin alƙalami a yi miki, ki jira mako guda ko biyu. Hajiya tana da kwana goma sha huɗu, tana da yaron da ke karɓar mata kaya. Ni kwana biyar gare ni, domin kowace kwana kuɗi ce. Dole na sayi abin da ke kan kanta, wanda wani ya zaɓa ya bari.

Daren nan ban runtsa ba. Na zauna a bakin gado da takardar sunayen matan nan tara, kowace da abin da ta ba ni da abin da take so. Ɗaya marainiya take aurarwa bayan salla. Ɗaya kuɗin awakinta biyu ne cur. Na tashi Hajiya na ce, "Hajiya, ni fa na ga kamar na yi wauta." Ta ce, "Kin yi, amma ba a gyara ta da kuka. Gobe ki bi ni, duk abin da na saya da yawa ki ɗora naki a kai." Allah ya saka wa baiwar Allah nan. Da haka na sami mayafai da jakunkuna a farashinta, ko da yake zaɓinta na bi, ba nawa ba.

Takalma ne na yi gaban kaina, kuma nan na sha kashi. Na ga wani takalmi mai kyau, na gwada lamba 40 ya yi mini, na biya katan huɗu, na rubuta wa mai kantin lamba 39 zuwa 42, ya yi ta gyaɗa kai. Da aka kawo su ma'ajiyar masu aika kaya, na ga an naɗe su da salatif tsaf, sai na ji nauyin in sa a farke. Hajiya kuwa kowane katan nata sai an buɗe ta ƙirga, tana zaune a kan kujera da tabarau, ko masu ɗaurin suna tsaki. Na ce a raina tsohuwar nan ta cika fitina.

Ranar Juma'a kaɗai na ga wani abu ban da kanti. Muka je wani tsohon masallaci kusa da tashar jirgin ƙasa, cikin itatuwa, inda akwai kabarin da mutanen wurin suke cewa na Sahabi Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ne. Malaman tarihi dai sun ce a kusa da Madina ya rasu, a Baƙi'a aka binne shi. Ko ma mene ne, Musulunci ya fi shekara dubu a birnin, ta hanyar fataken teku ya zo. Jama'a ta cika har waje, baƙi da fari, bayan an idar kuma sai ga masu tsire da gurasa sun jeru. Na sayi tsinke biyu na tsaya ina ci ina kallon mutane, na ɗan manta da lalitata. Da dare Hajiya ta kai mu bakin kogi muka hango hasumiyar birnin mai tsawon mita 600, tana sauya launi. Hawanta kuɗi ne, kallonta kyauta, saboda haka muka kalla. A wani fili kuma muka tarar da tsofaffin mata sun fi hamsin sun jera suna rawa da rediyo, don motsa jiki. Na tuna surukata, na ce da za ta ga wannan da ta yi salati.

Yanzu ga lissafin, ba zan ɓoye muku kome ba. Kayan da na saya, nawa da na mutane, N650,000. Na ɗauko abin da jaka biyu za su ci, kilo 23 kowace, sauran aka sa a jirgin ruwa. Kuɗin dako da na kwastan da motar da ta kawo su daga Ikko, N150,000. Sai da suka yi wata biyu da kwanaki kafin su iso. Ku tara da N550,000 na tafiya, ya zama N1,350,000. Da na zauna na kimanta kayan nan da farashin sari na Kantin Kwari, ba su wuce N1,050,000 ba. Ashe da Kano na tsaya, da na sami kayan nan har da rarar N300,000, ban bar 'ya'yana ba. Hajiya mai cika kwantena, kuɗin tikiti a wurinta kamar gishiri ne a miya. Ni kuwa tikitin ya cinye miyar.

Matan adashe ban ɗora musu ko kwabo na kuɗin jirgi ba, domin ba haka muka yi da su ba. Kowace ta karɓi kayanta da kuɗin dakonsa kawai, sun kuwa ci riba, marainiya ta shiga ɗakinta da lefe na fita kunya. Waɗansu har yau suna ganin na samu na ɓoye. Ba na jin haushinsu; wa zai yarda an je Sin an dawo da asara?

Kada ku ce babu abin da na samo. Yarinyar nan mai kalkuleta ta sa mini WeChat a waya, kuma tun daga lokacin ina haɗa oda da Hajiya daga ɗakina, a turo hoto in zaɓa, yaronta ya buɗe ya ƙirga kafin a ɗaure. Amma wannan ai da na san Hajiya sosai tun farko, da na yi shi ba tare da fasfo ba. Ku kuma sani abubuwa sun sauya bayan tafiyata. A watan Afrilu na 2020, lokacin annobar korona, an fitar da baƙaƙen fata da yawa daga gidajen haya da masaukai a birnin nan, waɗansu suka kwana a titi, har Shugaban Majalisar Wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya kira jakadan Sin ya nuna masa ɓacin ransa. Yuwan ɗin da na canza N52 kuwa, a 2024 ya haura N200. Duk wadda za ta yi lissafi da alƙalumana, sai ta ninka su.

Ita mai 'yan kunnen zinariya na tambaye ta abu uku: nawa zai rage mata bayan tikiti, kwana nawa za ta iya yi, kuma wa za ta bi. Ta yi shiru, ta ɗaure 'yan kunnenta a bakin zane, ta ce za ta yi shawara da yayanta.

Na kusa mantawa da takalma. Ranar da katan huɗun nan suka iso Danwarai, mata sun cika tsakar gida, na sa wuƙa na farke na farko. Lamba 36. Na biyu, 36 da 37. A cikin duka huɗun ƙafa goma sha ɗaya kaɗai suka kai 40. Ƙafar da ta saba da zuwa rijiya da gonar albasa ina za ta shiga 36? Na yi ta sayar da su da hasara ga 'yan matan makaranta, salla bayan salla. Har yanzu akwai ƙafa bakwai a ƙarƙashin gadona, ja da ruwan zinariya, in akwai mai ƙaramar ƙafa a cikinku.