Wanda Aka Doka a Hanya

Ni malamar Makarantar Lahadi ce a wata ƙaramar ikilisiya a Nyohini, unguwar da take yammacin Tamale, a kan hanyar Nyankpala. Yawancin mutanen garin Dagomba ne, Musulmi, mu kuwa tarin baƙi ne. Waɗansunmu iyayensu sun zo daga Nijeriya, waɗansu daga Bawku da Bolga, Hausa ce take haɗa mu a sujada. Ajinmu gindin darbejiya ne, gama ɗakin sujada ba ya ɗaukar manya da yara gaba ɗaya.

Akwai wani yaro da muke kira Auta, don shi ne na ƙarshe a ɗakinsu. Yana da shekara 9 sa'ad da mahaifiyarsa ta fara kawo shi, amma maganarsa ba ta wuce ta ɗan shekara 3 ba. Likitoci suna kiran halinsa ciwon Dawun. Sun ce a cikin kowace ƙwayar jikin mutum akwai waɗansu zarurruka 46 da suke ɗauke da gādon halitta, irin su Auta kuwa 47 gare su. Ba laifin uwa ba ne, ba kuwa sammu ba. Amma a unguwa ba haka ake faɗi ba. Na ji da kunnena wata tana ce da shi ɗan ruwa, wata kuma ta janye ɗiyarta daga kusa da shi, ita kuwa tana cikin zumuntar mata. Na buɗe mata Yahaya sura 9, inda almajirai suka nemi sanin zunubin wa ya sa aka haifi mutumin nan makaho, ta karanta, ta yi shiru, amma ba ta mai da yarinyar wurin ba.

Da fari ban san yadda zan yi da shi ba. In na yi karatu sai ya tashi ya bi zabbin maƙwabta. Haddar aya kuwa ba a maganarta. Abin da ya buɗe mini hanya shi ne tsofaffin kuɗi. A shekara ta 2007 aka canja kuɗin Gana, sidi 10,000 na dā ya koma sidi 1, sai ƙarafunan dā suka zama abin wasan yara. Na tara 10, na ba da labarin macen da ta ɓatar da ɗaya, wanda yake cikin Luka sura 15, na ɓoye guda a ƙarƙashin tabarma, na miƙa wa Auta tsintsiya. Sauran yara suka gaji suka zauna. Shi bai zauna ba. Da ya same shi ya yi ihu har fasto ya dakata da wa'azi a ciki. Tun daga ranar na bar dogon bayani. Labari ɗaya sai mu yi wata guda muna maimaita shi, da abin da hannu zai taɓa, da kalmomi kaɗan waɗanda ba na canja su.

Muna da wata yarinya kurma kuma, amma ita ba ta daɗe da mu ba, aka kai ta makarantar kurame ta Sabelugu. Da ta dawo hutu hannuwanta suna magana, mu ne muka koma bebaye a gabanta. A nan na fara jin labarin Andrew Foster, baƙar fatar Amurka, kurma, mai bishara, wanda ya buɗe makarantar kurame a Ankara a 1957. Ga irin su Auta ma akwai makarantar Yumba a nan Tamale. Gwamnati ta kafa dokar naƙasassu a 2006, ta kuma fito da tsarin haɗa su aji ɗaya da sauran yara a 2015. Amma doka ba ta zuwa gindin darbejiya ran Lahadi, mu ne a can.

Sai muka zo kan Basamariye nagari, Luka sura 10. Na raba wa yara aiki: 'yan fashi, firist, Balawe, mai masauki, har da jaki. Auta kuwa na sa shi ya kwanta a tabarma, shi ne wanda aka doka a hanyar Yariko, tun da yake wannan ba ya bukatar magana. Mako uku yana kwance ana tsallake shi. A zuciyata ina cewa ai na yi dabara, ina koya wa yara su ji tausayinsa.

Ran nan bayan an tashi, mahaifiyarsa ta tsaya har kowa ya watse. Ta ce, "Malama, ba faɗa na zo yi ba. Amma kullum shi ne wanda aka doka? A unguwa shi ne, a nan ma shi ne?"

Na ce, "Maman Auta, ai don kada maganar ta yi masa wuya ne."

Ta ce, "Shi yake ɗebo mini ruwa. Ran da zazzaɓi ya kwantar da ni, shi ya zauna yana yi mini fifita. Ki ba shi ya taimaki wani mana."

Kunya ta rufe ni. Lahadi ta gaba na ba shi Basamariye. Ya zo da gwangwanin man kaɗe daga gida, ba wanda ya aike shi, ya shafe ɗan wani dattijon ikilisiya da shi tun daga goshi har ƙafa, yaron yana dariya yana neman gudu. Na koya masa jimla ɗaya tak, in ka ga mutum cikin wahala, ka taimake shi. Ya riƙe ta gam.

Ya ɗan'uwana mai karatu, a nan ne na yi kuskure na biyu, wanda ya fi na fari nauyi. Irin waɗannan yara ba su san "amma" ba sai an koya musu. Abin da ka faɗa, shi ke nan.

Wata Asabar da hantsi aka nemi Auta aka rasa. Muka bi gida gida, matasa suka hau babura suka bazu, har bakin madatsar ruwa aka duba, ni kuwa ƙafafuna suka ƙi kai ni can. Mahaifiyarsa ta dube ni sau ɗaya, ba ta ce kome ba. Da ma ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Na yi addu'a a wunin nan irin wadda ban taɓa yi ba, ba tsari, ba kalmomi masu daɗi, sai "Ubangiji, ka san inda yake."

Ashe kayan wani mai tura baro ne suka zube a bakin titi, Auta ya taya shi kwashewa, ya kama tura baron tare da shi har kasuwar Aboabo. Mutumin ya ba shi 'yan kuɗi ya yi gaba, bai san yaron bai san hanyar gida ba. Wata Hajiya mai sayar da goro ce ta gan shi yana tsaye a rana. Ta zaunar da shi a rumfarta, ta saya masa koko da ƙosai, ta yi ta tambayarsa da Dagbanci da Hausa. Abin da ta iya tsinta a bakinsa "Nyohini" ne da "coci". Bayan la'asar ta rufe rumfa, ta ɗauki keke mai ƙafa uku da kuɗinta, tana bin majami'un unguwa ɗaya ɗaya har ta zo tamu. Fasto ya so ya biya ta kuɗin keken, ta ce, "Haba Malam, ɗa na kowa ne." Ta ƙi karɓa.

Dattawa suka zauna a kan maganar. Wani ya ce a daina wasan kwaikwayon nan, wani ya ce yaron ya riƙa zama a gida. Mahaifiyarsa ce ta raba gardamar, ta ce ba za a kulle mata ɗa don ya yi abin da aka koya masa ba, sai dai a ƙara masa abin da aka rage. Muka ɗinka masa ƙyalle a cikin riga mai sunan unguwa da na ikilisiya, muka kuma ƙara wa jimlar kai: ka kira Mama tukuna, sa'an nan ka taimaka. Wata biyu muna maimaitawa.

Ranar da muka sāke wasan ba yaron da ya yarda ya kwanta, saboda man kaɗe. Sai na ɗaura zanena da kyau na kwanta da kaina. Firist ya wuce, Balawe ya wuce. Na ji takun Auta, na ji ya buɗe gwangwani, ƙanshin man ya bugi hancina. Sai ya tsaya. Ya juya wajen ƙofar ɗakin sujada, inda ake tsakiyar karɓar baiko, ya ɗaga murya iyakar ƙarfinsa ya ce, "Mama! Malama ta faɗi! In taimaka?"