Mahaifata, a Rubuta Ta Daidai



Kwana uku bayan addu'ar arba'in ta Baba muka sauko da kwamfutarsa daga saman durowa. Mun ce tasa, amma ta gida ce gaba ɗaya. Laftof ce ta hannu da ya saya a 2016, shekarar da ya yi ritaya daga koyar da Hausa a sakandare. A kanta ƙanwarmu ta cike fom ɗin jarabawa, a kanta autanmu ya koyi buga rubutu, a kanta kuma muka rubuta gajerun labaranmu na farko, waɗanda suka ba mu ƙarfin halin shiga ƙungiyar marubuta.

Duk tsawon shekarun nan ba mu taɓa damuwa da kalmar sirrinta ba. Baba ya saita ta yadda in an rufe murfi an buɗe ba ta tambayar komai, sai in an kashe ta ɗungurungum. In hakan ta faru, a miƙa masa, ya gyara tabarau, ya danna abin da zai danna, ya maido. A watannin jinyarsa ba wanda ya bi ta kanta har batir ya mutu. Da muka jona caja ta farka, sai ga hotonsa da hula, ga wani ɗan fili a ƙasan sunansa yana jiran kalmar da babu mai ita a duniya.

Abin da ke ciki ya fi ƙarfin kuɗin na'urar. Akwai hotunan biki da na suna. Akwai labaranmu goma sha ɗaya da ba mu da kwafinsu a ko'ina. Sama da duka akwai aikin da Baba ya shafe shekaru yana yi, wato tattara karin magana da tatsuniyoyin da ya ji daga bakin mahaifiyarsa. Ita ta rasu, shi ya bi ta, abin da ya rage na maganarsu yana bayan wannan ɗan fili.

Muka fara da abin da kowa ke farawa da shi. Sunayenmu ɗaya bayan ɗaya, sunan Umma, shekarar haihuwarsa, lambar tsohon babur ɗinsa. Tun a kuskuren farko wani ɗan rubutu ya fito a ƙasa, irin matashiyar da mai kwamfuta ke bar wa kansa saboda mantuwa. Baba ya rubuta: “Mahaifata, a rubuta ta daidai.”

Har dariya muka yi don murna. Wa bai san Baba mutumin Ƙanƙara ba ne ta jihar Katsina? Muka buga Kankara. Ta ƙi. Muka duba ko maɓallin manyan haruffa ne a kunne, domin kwamfuta na bambance babban harafi da ƙarami a kalmar sirri. Muka gwada da manya, muka gwada da ƙanana, muka haɗa da Katsina, muka haɗa da shekara, muka gwada sunan unguwarsu. Har aka kira la'asar ba mu tsinana komai ba.

Washegari muka nufi kasuwar masu gyara. Na farkon da muka samu yaro ne sa'anmu, ko murfin bai gama buɗewa ba ya ce, “Fomatin za a yi, minti talatin.” Muka tambaye shi makomar abin da ke ciki. Ya ce ai komai zai tafi, amma za ta dawo garau kamar sabuwa. Muka karɓe kayanmu muka yi gaba.

Na biyun dattijo ne a wani ƙaramin shago a can lungu. Tambayarsa ta farko ita ce, “Ta wace ce?” Sai da muka nuna masa hoton Baba a waya ya gwada da na kan allon, saboda a cewarsa kayan sata ma da labarin mantuwa ake kawo su. Daga nan ya zaunar da mu ya yi mana bayanin da muke so duk mai ajiye rubutu a kwamfuta ya sani.

Ya ce a Windows 10 asusu iri biyu ne. Akwai wanda aka ɗaure da adireshin imel na Microsoft, shi ana iya sauya kalmarsa ta intanet daga wata na'urar, muddin layin waya ko imel ɗin da za a turo lambar tabbatarwa yana hannu. Akwai kuma asusun da ke zaune a cikin kwamfutar kawai, irin na Baba. Shi wannan, tun daga sabuntawar 2018 ana iya saka masa tambayoyin tsaro guda uku, amma Baba ya buɗe nasa kafin lokacin, bai kuma koma ya saka ba. Shi ya sa da muka danna wajen sauya kalma sai ta nemi wani filashi na musamman da ba a taɓa tanada ba.

Ya ce duk da haka kalmar shiga ƙofar zaure ce kawai. Zai iya ciro rumbun ajiyar ya jona a wata kwamfutar ya kwashe fayilolin, sai fa idan an kulle rumbun da BitLocker, wanda ba ya buɗuwa sai da mabuɗinsa mai lambobi 48. Zai kuma iya cire kalmar da ƙarfi, amma kalmomin sirrin da aka adana a ciki, irin na imel ɗin Baba, za su iya salwanta. “Ku koma gida ku ƙara kwana uku,” in ji shi. “Wanda ya bar matashiya yana son a shiga ne. Ɓalle ƙofa ba ya wuce lokaci.” Ko sisi bai karɓa ba.

A daren muka baje a tabarma a ƙofar ɗakin Umma, tana cikin takaba, tana jan carbi. Umma ba ta yi boko ba, ba ta taɓa sa hannu a kwamfutar nan ba sai don ta goge mata ƙura. Autanmu na bugawa yana faɗin kalmar a fili da irin lafazin 'yan makaranta: Kan-ka-ra.

Sai ta ɗago. “Me kake cewa haka?”

“Garin su Baba, Umma.”

“A'a. Malam bai taɓa fito wa daga Kankara ba. Ku faɗe ta yadda yake faɗa.”

Shiru ya ratsa tsakar gidan. Mutumin da ya yi shekara talatin da biyar yana zagaye harafi da jan biro a littattafan ɗalibai, wanda in ka turo masa saƙo ka rubuta “na iso kasa” zai maido maka da “ka kasa me?”, shi ne za mu zaci zai rubuta sunan garinsu ba ƙugiya? Ya ma gaya mana ƙarara a matashiyar, a rubuta ta daidai. Mu ne muka karanta rabin jimlar muka watsar da rabi.

Saura yadda za a samo ƙ a wajen shiga. Ƙanwarmu ce ta tuna cewa kafin Baba ya fara bugawa yakan taɓa wani abu tukun. Muka duba kusurwar allon ta ƙasa a hannun dama, sai ga ƙananan haruffa uku, ENG. Da muka danna, Hausa ta fito a jerin. Autanmu, wanda ya sha zama gefen Baba yana kallon yatsunsa, ya san inda ƙ take ɓoye. Babba a farko, ƙarama a tsakiya: Ƙanƙara. Ɗigogin nan suka yi ta zagaye, sai ga allon ya buɗe. Umma ta ce alhamdulillahi, ta ci gaba da jan carbinta.

Komai na nan. Aikin Baba shafi 140, ya tsaya a tsakiyar wata tatsuniya. A gefensa muka ga wata jaka da ba mu san da ita ba, ya sa mata suna “Na yara”. Kwafin labaranmu ne duka goma sha ɗaya. Bai taɓa mana jigo ko zubi ba, bai sauya jimla ko ɗaya ba. Ya dai bi su layi-layi ya mayar da kowace ƙugiya da muka yar, da jan rubutu: baki ya koma baƙi, bata ta koma ɓata, da ya koma ɗa. Bai taɓa gaya mana ya karanta su ba.

Kunya ta kama mu. Muna yawo da katin ƙungiya, muna kiran kanmu marubuta, amma haruffan da suka zauna a rubutun boko tun shekarun 1930 mun ɗauke su ado, muna fakewa da cewa mai karatu zai gane. Sau da yawa yana ganewa ɗin, don yana yi mana uzuri. Kwamfuta ba ta yi mana ba. A wajenta k daban, ƙ daban, kamar yadda suke a kunnen Umma.

Kafin mu kwanta muka kwafe komai a filashi biyu, muka tura aikin Baba da labaranmu zuwa imel. Muka saka tambayoyin tsaro, muka buɗe asusu na biyu mai cikakken iko don kada ƙofa ta sake zama ɗaya. Kalmar sirrin ba mu sauya ta ba. Mun rubuta ta a takarda, da ƙugiyoyinta, tana cikin adakar Umma.

Ɗan uwa, 'yar uwa, in littafin da kake rubutawa a na'ura ɗaya yake, yau ka yi masa kwafi, ka kuma sanar da mutum ɗaya amintacce yadda za a kai gare shi in ba ka nan. Mu yanzu muna bin dangin Baba muna neman wanda ya san ƙarshen tatsuniyar nan.

Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya kai haske kabarinsu.