Kapasitar da Na Raina

Duk wanda ya koyi gyaran rediyo an horar da shi a kan abu guda: sauti ya fita tas kamar yadda ya shiga. Da wannan horo na karɓi amfilifayar wani makaɗin gita mai yi wa gidajen biki wasa. Mai bawul ce, an ƙera ta bisa tsarin Marshall, kuma ciwonta ƙarami ne: mazaunin bawul guda ya saki. Na gyara shi. Da a nan na tsaya, da ban yi ɓarna ba.

Ina leƙa ciki sai na ga kapasitar da ke kan katod ɗin bawul na farko, ECC83, maikrofarad 0.68 ce kacal. A amfilifayoyin Fender da na saba buɗewa 25 ake sawa a wurin. Na ɗauka wani ne ya yi ƙwauro, na cire ta na dasa babba, ban ko tambayi mai kaya ba. A shago, da murya ƙasa-ƙasa, sautin ya yi kauri mai daɗi. Washegarin biki makaɗin ya dawo ransa a ɓace. "Maigida, me ka yi mata? Ina buɗe murya ta dame kamar kunu."

Sai da na zauna da zanen da'irar na gane laifina. Gurnanin nan da makaɗa ke nema yana fitowa ne idan sigina ta fi ƙarfin bawul, ya daddatse mata kai. Datsewar tana haifar da sababbin amo a saman na asali, su ne kunne ke ji a matsayin zafi. Amma idan tsarkiya biyu suka shiga tare, bawul ɗin yana haifar har da jimillarsu da bambancinsu. Tsarkiya mafi kauri tana kaɗawa sau 82 a daƙiƙa. Haɗa ta da amo mai 123, sai ga baƙon amo mai 41 a ƙasa. Kuma amo mai kauri shi ya fi ƙarfi, shi ke fara cika bawul ya danne saura. Ƙaramar kapasitar nan aikinta ke nan: ta bar tsakiya da sama su sami cikakken ƙari, ta rage wa ƙasa tun kafin a kai wurin datsewa.

Ba kuskure ba ne, zaɓi ne. Jim Marshall ya fara ƙera amfilifaya a Landan a 1962 da JTM45, wadda kusan kwafin Bassman ta Fender ce, daga baya aka riƙa rage kauri a matakin farko saboda makaɗa suna buɗe murya har ƙarshe. Akwatin Tube Screamer na Ibanez ma haka yake: abin da ke ƙasa da kaɗawa 720 a daƙiƙa ba ya samun cikakken ƙari kafin diyod su datse.

Abin da ya fi yi mini ciwo shi ne na auna kayan mutum da ma'aunin sana'ata, na taɓa abin da ba a kawo mini ba. Na mayar da ƙaramar kapasita, na ba shi haƙuri, ban karɓi ko sisi ba. Ya tambaye ni ko rage maɓallin kauri na gaba zai iya maganin abin. Na ce a'a, domin a wannan tsari maɓallin yana bayan matakan farko ne, kuma amon da datsewa ta riga ta cakuɗa babu maɓallin da zai sake tsince shi.