Zarto da Gizago a Cikin Waya

Idan an gama girbin masara a Karfi, aiki ya yi sauƙi, nakan sayi data in shiga YouTube kallon masu aikin katako.

Wanda na fi ƙauna shi ne Paul Sellers, dattijo ɗan Ingila da ya fara koyon kafinta a 1965 yana ɗan shekara 15. Ba ya gaggawa. Zai ɗauki magagari ya wasa haƙoran zarto ɗaya bayan ɗaya, yana bayanin abin da ya sa. Yawancin aikinsa da kayan hannu yake yi, kuma wannan ya dace da mu da wutar lantarki ba ta zama. A wurinsa na gane cewa kafin a yanka katako gara a ja layi da wuƙa, don kada bakinsa ya tsattsage.

Akwai kuma Grandpa Amu, wani tsoho a ƙasar Sin da ke harhaɗa kujera, har da gada, ba ƙusa ba gam. Shi kam kallonsa nake don jin daɗi kawai.

Abin da ke damuna shi ne masassaƙanmu. Mai fafe turmin ƙirya da gizago, da mai gyara ƙotar fartanya ta zauna daidai a hannun manomi, gwanintarsu ba ta gaza ta waɗancan ba. Ƙiryar tana ƙarewa a daji saboda gawayi, su ma suna tsufa. Ranar kasuwar Malumfashi ina so in roƙi ɗaya daga cikinsu ya bar ni in ɗauki aikinsa a waya, tun daga gungume har turmi.