Lambobin da ke jikin silinda a Dahab

Dahab ƙaramin gari ne a gabashin Sinai ta ƙasar Masar, bayansa duwatsu, gabansa Tekun Aƙaba, reshen Bahar Maliya. In gari ya yi garau kana hango tsaunukan Saudiyya a tsallake. Masu nutso ne suka yayata sunansa a duniya, saboda wani rami da ke cikin murjani, kimanin kilomita 8 arewa da gari, mai suna Blue Hole. Zurfinsa ya kai mita 100. Wajen mita 55 akwai wata kafa da ta huda bangon ramin, tsawonta kamar mita 26, ta ɓulle buɗaɗɗen teku. A jikin dutsen da ke bakin ruwa an manna alluna masu sunayen waɗanda suka shiga ba su fito da rai ba. Wanda aka fi sani cikin mamatan wurin shi ne Yuri Lipski, da ya rasu a 2000 kyamararsa na ɗauka.

Ni kuwa inda na fi daɗewa shi ne bayan wani shagon masu nutso, a ɗakin dura iska. Injin na ta ruri, ga silindoji na alminiyam a jere, duk kamarsu ɗaya, amma abin da ke ciki ya sha bamban. Wata iskar Allah ce da kowa ke shaƙa, mai oksijin kashi 21 cikin ɗari. Wata rabinta oksijin ne, wata oksijin zalla, wata kuma haɗin oksijin da hiliyam da naitirojin, wanda suke kira tirimis. Ido ba ya bambanta su, hanci ma haka. Wanda ya san abin da ke biyo baya in aka zuba fetur a jarkar kalanzir ya fahimci rabin zancen.

Sauran rabin lissafi ne. Duk mita 10 da mutum ya nutsa, ruwa na ƙara masa matsi daidai da na iskar sararin duniya, ƙarfin oksijin da yake shaƙa kuma na hauhawa tare da shi. Masu nutso sun tsayar da iyakar wannan ƙarfin: 1.4 lokacin da ake tafiya a ƙasa, 1.6 lokacin tsayuwar da ake yi a hanyar tasowa don jiki ya fitar da iskar da ta narke a jini. Shi ya sa ba a wuce mita 6 da oksijin zalla, mai rabi kuma ba a wuce mita 21 da ita. Wanda ya yi kuskure ya shaƙi mai rabin a ƙofar kafar nan, ƙarfin oksijin zai haura 3. Sai farfaɗiya, abin shaƙa ya suɓuce daga baki, ruwa ya shiga. Tirimis ɗin da ake kaiwa can ƙasa kuwa, wani oksijinsa ya yi ƙarancin da zai sumar da mutum in ya shaƙe shi a saman ruwa.

Don haka ba mai ɗora silinda a akori-kura sai ya durƙusa gabanta. Na ga wata mata ta fara gwada na'urar awo da iskar waje, sai da ta nuna 20.9, sannan ta ɗan buɗe silindar ta kara na'urar, ta jira lamba ta tsaya. Ta yago tef ta manna kusa da wuya, ta rubuta abin da ta gani da maka, da kwanan wata, da harufan farkon sunanta. Mai durawa ya riga ya rubuta nasa, amma ba ta dogara da shi ba, shi ma bai ji haushi ba. A tsawon jikin silindar kuma, gefe biyu, ga lamba ɗaya ƙatuwa: 21. Wannan ce iyakar zurfin. A ganina hikimar tsarin tana nan, domin a ƙarƙashin ruwa, ga duhu ga mayen naitirojin, ba wanda ke da kan yin lissafi. Ya dubi agogon zurfi, ya dubi lamba, shi ke nan. Kafin ya canja iska ma sai ya bi tiyo da hannu har tushensa, ya nuna wa abokin tafiyarsa lambar, shi kuma ya yi alamar amincewa.

Na tambayi dalilin da ba a wadatu da launi ba, tunda ga zanen kore da rawaya a jikin wasu. Aka ce ja yakan dusashe tun a mitocin farko, a zurfi kuma kome sai ya koma shuɗi-shuɗi; ban da haka, fenti yana nan ko an canja abin da ke ciki. Akwai kuma matsalar ma'auni. Amurkawa da ƙafa suke awo, silindarsu ta oksijin 20 take ɗauka, ta mai rabi 70. Baƙon da ya saba da mita in ya ga 20 zai ɗauka ta kusa da 21 ce, shi ya sa suke ƙara rubuta sunan oksijin ɓaro-ɓaro a gefen lambar. Da la'asar, da motoci suka dawo, aikin farko da yaran shagon suka yi shi ne ɓare tef ɗin safe daga wuyan kowace silinda, kafin a jona ta da injin.