Jakin Jita

Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai goge ko mai garaya, ya kuma lura da kayan sana'arsa, zai tuna da wani ɗan guntun ice da ake girkawa bisa fatar da aka rufe ƙwarya da ita, sa'an nan tsirkiya ta hau kansa. Makaɗanmu jaki suke ce da shi. Turawa kuwa, sunan da suka ba takwaransa na jikin jita ma'anarsa gada. Na daɗe ina faɗa wa ɗalibai wannan suna a darasin waƙar baka, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina wane irin kaya jakin nan ke ɗauka ba, sai a shekarar 2023, lokacin da zaɓen jaki ya hana ni sakat har kusan mako uku.

Ga yadda abin ya faro. Babban yaron gidana, wanda mai karatu ya san ba zan ambaci sunansa ba, ya matsa mini da zancen jitar lantarki tun yana ɗan shekara 13. Na yi masa alkawari cewa in ya ci jarrabawa zan saya. Allah Ya ba shi sa'a ya ci, ni kuma da na je kasuwa na ji kuɗin mai ɗan dama-dama, sai na tarar albashin malamin jami'a bai kai can ba. Shi ne yaron ya kawo shawarar mu haɗa da kanmu. Muka sami wuyan wata tsohuwar jita da gangar jikinta ta tsage, muka saya da araha. Saura katakon da za a yi gangar jiki. A nan ne na yi abin da har yau ban san ko wauta ba ce ko ƙauna: na ɗauko saman teburin marigayi mahaifina, wanda ya shekara fiye da talatin yana yanka yadi a kansa, domin shi tela ne. Katakon maɗaci ne, ya bushe sarai, kuma dangin maɗaci na cikin itatuwan da masu ƙera jita a ƙasashen waje ke nema. Sai dai falle ɗaya ne tak, kaurinsa milimita 38, alhali kaurin da aka saba yi wa irin wannan jita ya kai 44 ko 45. Duk ramin da aka huda a jikinsa ya hudu ke nan, babu na biyu.

Kafin in ci gaba, ya kamata in bayyana aikin jaki a jitar lantarki, domin kuwa ya fi na goge yawa. Da farko shi ne ke riƙe ƙarshen tsirkiyoyi shida na ƙarfe, waɗanda in an ɗaure su daidai, jan da suke yi gaba ɗaya ya kai kimanin kilo 45. Na biyu, shi ne ke ƙayyade tsawon tsirkiya. A wuyan jita akwai gaɓoɓin ƙarfe da aka jera bisa lissafi, kuma gaɓa ta 12 ita ce tsakiyar tsirkiya. Daga bakin wuyan da muka saya zuwa gaɓa ta 12 mun auna milimita 324, watau ke nan dole jaki ya zauna a milimita 648, ko inci 25 da rabi, wanda shi ne awon kamfanin Fender. Na kamfanin Gibson ya ɗan gaza haka, inci 24 da rubu'i uku. In jaki ya goce daga wurinsa, to, ko wane gwani ya ɗauki jitar, muryarta ba za ta daidaita ba. Na uku, shi ne ke ƙayyade nisan tsirkiya daga wuya, watau ko ta yi taushin dannawa ko ta yanke wa mai kiɗa yatsu.

Shi yaron tun farko ya san abin da yake so. Jaki mai lilo yake so, wanda ke da ɗan hannu da makaɗi ke dannawa, sauti ya yi ƙasa kamar kukan kura, ya sake shi ya dawo. Leo Fender, wanda asalinsa mai gyaran rediyo ne, kuma shi kansa bai iya kaɗa jita ba, ya sa irin wannan jaki a kan Stratocaster a 1954. A ƙarshen shekarun 1970 wani Ba'amurke mai suna Floyd Rose ya fito da wani da ke kulle tsirkiya ta kai da gindi, don kada ta kwance komai wuyar da aka ba ta. Amma da na bincika sai na ga jaki mai lilo yana bukatar a fafe rami ya ɓulla ta bayan jita, inda wani curin ƙarfe zai rataya, sifirin-sifirin su riƙe shi, su yi ta ja-in-ja da tsirkiyoyi. A katako mai kauri 38, curin da aka saba sayarwa leƙowa zai yi ta baya. Bugu da ƙari, in an saita shi yana reto, tsirkiya ɗaya na tsinkewa sauran biyar ɗin duk sun goce.

Na ce masa wannan ba namu ba ne. Ya ce, "Baba, ai Brian May na ƙungiyar Queen da babansa suka yi tasu, kuma mai lilo ce." Gaskiya ya faɗa. A 1963 suka fara ta a Ingila, da katakon wani tsohon murhu, sifirin ɗin lilon kuwa daga injin babur suka ciro. Na ce masa mahaifin wancan injiniya ne, kuma duk da haka sai da suka kwashe kusan shekara biyu. Shi kuwa nasa uban nazarin waƙa ya karanta. Ya yi shiru, amma na ga abin bai yi masa daɗi ba, ya yi kwana biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu.

To, a nan ne ni ma na yi nawa kuskuren. Don in faranta masa rai, sai na sayo wani jaki mai ƙyalli, irin wanda ake kira Tune-o-matic, ƙirar Ted McCarty na kamfanin Gibson, wanda ya hau jitar Les Paul Custom a 1954. Kyansa kawai na duba. Alhali kuwa tuni kafinta ya riga ya yanka mana gurbin da wuya zai zauna, kuma a shimfiɗe ya yanka shi, irin na Fender. Da muka ɗora jakin bisa katako muka ja zare daga bakin wuya zuwa kansa, sai ga zare can sama, har ƙaramin yatsana na shigewa tsakaninsa da gaɓoɓin ƙarshe. Ashe wannan jaki dogo ne, an yi shi ne domin jitar da aka ɗan karkata wuyanta baya. Mafita biyu ce: ko a sake sassaƙe gurbin wuya a karkace, ko a haƙa wa jakin kwari ya nutse ciki. Kowace ka ɗauka, katakon mahaifina ne zai ƙara cin wuƙa, a hannun mutanen da ba su taɓa yi ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, in ji masu iya magana. Jaki ake fara zaɓa, sa'an nan a yanka katako daidai da shi. Mu kuwa mun yanka sa'an nan muka tafi kasuwa. Allah Ya taimake ni ban kai ga huda ramin ko ɗaya ba.

Na yi kwanaki ina ɗauko katakon da dare ina dubawa. Har yanzu akwai sawun almakashi a jikinsa, da wani baƙin tabo inda dutsen guga ya taɓa ƙona shi. Daga bisani na zaunar da yaron, muka rubuta abin da muke da shi a takarda: katako siriri, gurbin wuya a shimfiɗe, injin huda na hannu, da mutum biyu marasa gwaninta. Da muka gama, jaki iri ɗaya ne kawai ya rage, watau kafaffe, faranti ne na ƙarfe da ake ɗaurewa da kusoshi masu barima bisa fuskar jita. Shi ma iri-iri ne. Na tsohuwar Telecaster 'yan sirada uku gare shi na tagulla, kowane na ɗauke da tsirkiya biyu, saboda haka gyaran ɗaya kan taɓa ɗaya. Mu mai sirdi shida muka ɗauka, kowace tsirkiya da nata. Sa'an nan akwai wanda tsirkiya ke ratsa gangar jiki ta fito ta baya, wanda ke bukatar ramuka shida a miƙe ɗoɗar, abin da injin hannu ba ya yi wa ɗan koyo. Muka zaɓi wanda tsirkiya ke shiga ta gindin farantin kanta. Shi ne mafi araha a shagon, kuma mafi rashin kwalliya.

Ranar da za mu kafa shi, yaron ne ya riƙe rula. Muka ja zare biyu daga bakin wuya, ɗaya ta kowane gefe, don mu tabbata tsirkiyoyin gefe ba za su zame daga wuya ba. Muka matso da sirdin siririyar tsirkiya kusa da ƙarshen gaba, muka sa shi a kan 648, domin sauran duk baya za su ja. Mai kaurin cikinsu takan nemi ƙarin kimanin milimita uku, saboda danna tsirkiya na ƙara mata ɗauri. Sau huɗu muka auna kafin na yi bisimilla na huda. Hannuna na rawa. Duk da haka sai da muka yi mantuwa guda: da muka haɗa da amfilifaya sai wani gurnani ya cika ɗaki, ashe ba mu sa 'yar wayar da ke haɗa jaki da sauran wayoyin ciki ba, wadda ke kashe wannan ƙara. Muka kwance, muka huda wani ɗan rami a karkace ƙarƙashin farantin, inda ido ba ya gani.

Daidaita murya shi ya yi da kansa, don kunnensa ya fi nawa. Yakan kaɗa tsirkiya a sake, sa'an nan ya danna ta a gaɓa ta 12. In ta biyun ta zarce sama, ya ja sirdi baya. In ta gaza, ya turo shi gaba. Da hunturu ya shigo katako ya motsa, sai ya sake bi ɗaya bayan ɗaya da ɗan makulli, cikin minti goma ya gama. Ban ce masa komai ba, shi ne da bakinsa ya ce, "Baba, da mai lilon nan ne da yau wuni zan yi."

Har yanzu yana son mai lilo, ya kuma ce in ya fara samun na kansa zai yi wata jitar, wannan karon jakin zai fara saya. Na ce Allah Ya kai mu. Wancan mai ƙyallin da na yi asarar kuɗi a kansa yana nan bisa teburina a ofis, da shi nake danne takardun jarrabawa. Ɗalibin da ya tambaye ni mene ne, nakan ce masa jaki ne, in bar shi yana mamaki. Da yamma kuwa, in na dawo gida na ji kiɗa na fitowa daga ɗakin yara, nakan ɗan tsaya a bakin ƙofa kafin in yi sallama, in yi wa mai teburin addu'a. Allah Ya jiƙansa, Ya sa mu cika da kyau da imani.