Daga Allon Bango Zuwa Sarba: Yadda Aka Riƙe Lissafin Ayyuka a Ƙasar Ƙonni

Yankin Ƙonni da Malbaza da Illela ya daɗe da sanin manyan ayyuka. Tun tsakiyar shekarun 1960 hayaƙin masana'antar siminti ke tashi a Malbaza. Tsakanin 1976 da 1982 aka shimfiɗa filin noman rani na Ƙonni, hekta sama da 2,400, wanda ke shan ruwan madatsun Mozage da Zango na kwarin Maggiya. A 1984 kuma furojen Keita ya kankama a ƙasar Adar da kuɗin Italiya. Kowane irin wannan aiki yana da ɓangaren da manomi da lebura ba sa gani, wato lissafin wa zai yi me, yaushe, da nawa.

A da, wannan lissafi a bango yake. Ka shiga biron shugaban aiki sai ka tarar da doguwar takarda an manna ta da ƙusa: watanni jere a sama, ayyuka jere a gefe, kowane aiki da zanensa a kwance. Ba'amurke Henry Gantt ne ya yayata wannan tsari wajen 1910. Idan motar siminti ta makara, ko damina ta yi saurin faɗuwa, sai a ɗauko abin goge fensir a matsar da zanen gaba. Rahoton wata kuwa sakatariya ce ke buga shi da tafireta da takardar kabon, a danƙa wa direba ya kai Tawa, daga can ya wuce Yamai. Kafin amsa ta dawo, wani lokaci matsalar ta warware da kanta, wani lokaci ta haifi ƴaƴa.

Manhajojin tsara aiki sun riga mu ganin kwamfuta. Primavera ta fito a 1983, Microsoft Project a 1984, amma sai cikin shekarun 1990 injinan suka fara zama a teburan furoje. Sauƙin da suka kawo babba ne: ka sauya rana ɗaya, sauran ranaku su gyara kansu. Sai dai sun zo da tasu rigimar. Injiniya na da jadawalinsa a disket, mai lissafin kuɗi na da nasa, Yamai na da na uku, kowa na rantsuwa nasa ne na ƙarshe. Idan ƙwayar cuta ta shiga disket ɗaya, kafin mako ta gama biro duka.

Maganin wannan shi ne sarba, babbar kwamfuta guda da ke riƙe da jadawali ɗaya, kowa ya shiga ya rubuta nasa ɓangare. Microsoft ya fito da Project Server a 2002. Daga nan aka samu sabon ma'aikaci wanda ba ya zuwa fili, ba a kiransa wurin yanke kyalle, amma ranar da ya yi zazzaɓi kowa sai ya san da zamansa.

Na ga aikin irin wannan mutum a wani biro da ba sai na kama suna ba. Da safe, kafin ya gaisa da kowa sosai, ɗakin sarba yake fara leƙawa. Ya taɓa bayan injin ya ji ɗuminsa, ya duba ko fitilun gaba kore ne ko akwai mai ja, ya kasa kunne ga kukan fanka. Sannan ya zauna ya karanta rajistar da injin ya rubuta cikin dare: ko an kwafi ajiyar bayanai, ko ma'ajiya ta kusa cika, ko layin ayyukan da ke jiran shiga ya toshe. Lokacin hunturu yakan kwance murfi ya hure ƙura, ka ga ta tashi ja wur. A bazara, da zafi ya haura digiri 40, addu'arsa ɗaya ce, kada na'urar sanyaya ɗaki ta tsaya. Da an ɗauke wuta, batirin ko-ta-kwana ya fara ƙara, sai ka ji ya ɗaga murya: "Malam, a tada gurup!" Idan babu gazuwal, ya kashe sarbar da hannunsa cikin tsari, don kada ta mutu da bayanai a baki.

Wannan sa ido ne da kulawa. Sabuntawa ta fi su tashin hankali. Masu Project Server 2007 da suka so hawa na 2010 sun tarar sabon ba ya aiki sai a kan inji mai bit 64, kuma sai da manhajar SharePoint. Ke nan sabon inji, sabon lasisi, da kuɗin da ba a sa cikin kasafi ba. Mai hankali yakan fara gwadawa a wani inji daban, ya kwafi ajiya sau biyu, ya zaɓi Juma'a da dare don ya samu Asabar da Lahadi na komawa baya idan abu ya ƙi. Wasu kuwa cewa suke yi tunda yana tafiya a bar shi. A watan Mayun 2017 ƙwayar cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, alhali tun watan Maris Microsoft ya fitar da facin da ke toshe ƙofar da ta bi. Waɗanda suka saka shi sun kwana lafiya.

Daga 2013 aka fara cewa a huta da ɗakin sarba, a kama haya a Project Online ta intanet. Ƙura da zafi sun zama damuwar wasu, amma wuta da layi suna nan a wuyanmu. Malbaza ta samu tashar wutar hasken rana mai megawat 7 a 2018, duk da haka da Najeriya ta yanke wa Nijar wuta a watan Agustan 2023, an ga iyakar dogaro da abin da ke nesa. Hayar ma ba ta dawwama: Microsoft ya tsayar da 30 ga Satumba 2026 ranar rufe Project Online, ya kuma sa Yulin 2026 ƙarshen tallafin Project Server 2016 da 2019.

Manomin Ƙonni ya san wannan darasi tun kafin mu. Magudanar da ba a yashe ba, yashi ne ke cinye ta, sai ga shi gyaran filin noman ranin ya shiga yarjejeniyar dala miliyan 437 da Nijar ta ƙulla da Amurka a 2016. Haka sarba take. Na sha ganin furoje ya rufe, an raba motoci da kujeru, an bar injin a kusurwa, lambar sirrinsa ta tafi da wanda kwangilarsa ta ƙare. Mai zuwa daga baya sai ya sake auna abin da aka riga aka auna.

Don haka kira nake ga magadan gari da shugabannin ayyuka: ku ware kuɗin kulawa tun ranar rubuta kasafi, ku koya wa matasan yankin, irin masu fitowa daga Jami'ar Tawa, riƙon waɗannan injina, kuma kada ku sa hannu a takardar rufe furoje sai an miƙa bayanansa an buɗe su a gabanku. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.